Wa ke da ta cewa a cocin Katolika? Bayani kan rawar mabiya a Najeriya wajen yanke shawara

A ranar 7 ga Disamba, 2012, Fafaroma Benedict na 16 ya naɗa Peter Ebere Okpaleke bishop na Ahiara, a yankin Mbaise da ke Jihar Imo. A al'adar ɗarikar Katolika, da zarar Fafaroma ya yi irin wannan naɗi, abin da ya rage wa jama'a shi ne shirin tarba. Mutanen Mbaise kuwa suka ce ba su yarda ba. Limaman yankin da dama da shugabannin mabiya suka tsaya kai da fata cewa ƙasarsu ta yaye ɗaruruwan limamai, don haka babu hujjar tsallake su duka a ɗauko wani daga Awka ta Jihar Anambra, ko da yake shi ma Ibo ne kamar su.

A watan Mayun 2013 aka keɓe shi a wata makarantar horar da limamai kusa da Owerri, domin bikin bai yiwu a cikin Ahiara ba. A watan Yunin 2017 Fafaroma Francis ya ba kowane limamin Ahiara wa'adin kwana 30 ya rubuto masa wasiƙar neman gafara da alƙawarin biyayya, ko a dakatar da shi. Wasiƙu kusan 200 suka isa Batikan, amma hakan bai buɗe wa bishop ɗin ƙofa ba. A ranar 19 ga Fabrairu, 2018, Fafaroma ya karɓi murabus ɗinsa, bayan shekara biyar da 'yan watanni bai taɓa zama a kujerarsa ba.

Wasu sun kira abin da ya faru a Ahiara ƙabilanci da taurin kai. Wasu sun ce sakamakon yanke wa jama'a hukunci ne ba tare da an ji ta bakinsu ba. Kowanne aka ɗauka, rikicin ya fito da tambayar da cocin Katolika ya kwashe shekaru uku, daga 2021 zuwa 2024, yana tattaunawa a duk faɗin duniya: mene ne rabon mabiyin da ba limami ba a cikin shawarwarin da suka shafi cocinsa da kuɗinsa da shugabanninsa?

Me ya sa batun ya shafi kowa?

Alƙaluman da Batikan ta fitar na shekarar 2023 sun nuna cewa Najeriya na da mabiya Katolika kimanin miliyan 35, adadin da a Afirka Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce kawai ta zarce shi. Wani nazari da cibiyar CARA ta Jami'ar Georgetown da ke Amurka ta wallafa a farkon 2023 ya nuna cewa kashi 94 cikin 100 na 'yan Katolikan Najeriya da aka tambaya sun ce suna halartar Misa aƙalla sau ɗaya a mako, kuma babu ƙasar da ta kai haka a cikin waɗanda aka auna.

Cocin yana tafiyar da makarantu da asibitoci da gidajen marayu, waɗanda Kirista da Musulmi ke amfana da su. Majalisar Bishop-bishop ta Najeriya, wadda aka fi sani da CBCN, ita ce ta kafa Jami'ar Veritas da ke Abuja. Hukumar Adalci da Ci-gaba da Zaman Lafiya ta cocin, wato JDPC, tana tura masu sa ido a zaɓuɓɓuka. Sakatariyar Katolika na ɗaya daga cikin rukunoni biyar da suka haɗu suka zama Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN. A ranar 1 ga Maris, 2020, bishop-bishop ɗin ƙasar sun yi tattaki a titunan Abuja sanye da baƙaƙen kaya domin nuna ɓacin rai kan kashe-kashe. Cibiyar da take da irin wannan murya, wadda kuma take yawan kiran gwamnati da ta yi gaskiya ta saurari talaka, dole jama'a su so sanin yadda take tafiyar da al'amuran cikin gidanta.

Yadda aka tsara iko

An kasa cocin Katolika a Najeriya zuwa larduna tara: Abuja, Benin, Kalaba, Ibadan, Jos, Kaduna, Legas, Onitsha da Owerri. Kowane lardi ya ƙunshi dayosis-dayosis, wato yankunan da bishop guda ke shugabantar kowannensu. A ƙarƙashin dayosis akwai farish, yankin da aka danƙa wa limami guda, wanda jama'a ke kira fada. Farish ɗaya a karkara kan haɗa ƙananan coci-coci masu yawa da ke warwatse a ƙauyuka.

Mai karatun da ya saba da tsarin mulkin da ya raba iko gida uku zai lura da wani babban bambanci. Kundin dokokin cocin na 1983, a sashe na 391, ya haɗa wa bishop ikon yin doka da na zartarwa da na shari'a a cikin dayosis ɗinsa. Shi ke naɗa fada ya kuma sauya masa wurin aiki. Shi kansa Fafaroma ne ke naɗa shi, kamar yadda sashe na 377 ya tanada. Jakadan Batikan da ke Abuja ne ke tattara bayanai a asirce, ya aika da sunaye uku zuwa Rum. Dokar ta ba shi damar tuntuɓar wasu mabiya da aka sani da hikima idan ya ga dacewar hakan, amma ba ta tilasta masa ba. Wannan sirri na daga cikin abubuwan da suka rura wutar zargi a Ahiara, domin wanda bai ga yadda aka yi zaɓi ba yana da sauƙin yarda cewa an yi masa maguɗi.

Cocin da mabiya suka ɗauka a kafaɗa

Tarihi ya nuna cewa tun farko mabiya ne ƙashin bayan wannan coci a Najeriya. Lokacin da Fada Francesco Borghero na ƙungiyar mishan ta SMA ya isa Legas a farkon shekarun 1860, ya tarar da 'yantattun bayi da suka dawo daga Brazil suna gudanar da addu'o'insu ƙarƙashin wani dattijo da ba limami ba, wanda ake kira Pa Antonio. A gabashin Kwara, inda limaman Holy Ghost suka sauka a Onitsha a 1885, malaman makarantar ƙauye da suke kuma koyar da addini su ne suka yaɗa ɗarikar a zamanin Bishop Joseph Shanahan. A Arewa, tun daga kafa mishan a Shendam a 1907, katikis ne ya zama idon fada da bakinsa: shi ke fassara, shi ke koyar da masu neman baftisma, shi ke jagorantar addu'ar Lahadi da jana'iza a ƙauyen da limami ke zuwa jefi-jefi. Makarantar horar da katikis da ke Malumfashi ta daɗe tana yaye irin waɗannan ma'aikata da harshen Hausa.

Ƙarshen yaƙin basasa a 1970 ya ƙara fito da wannan rawa fili. Gwamnatin tarayya ta kori Turawan mishan da yawa da suka yi aiki a yankin Biyafara, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya kuma ta karɓe makarantun mishan. Cocin ya wayi gari da ƙarancin limamai da asarar makarantunsa a yankin da ya fi yawan mabiya. A cikin wannan yanayi ne aka kafa Majalisar Mabiya Katolika ta Najeriya a 1973. A yau tana da rassa daga farish har zuwa matakin ƙasa, kuma a ƙarƙashin inuwarta akwai ƙungiyar maza ta CMO, ta mata ta CWO, ta matasa ta CYON da ta yara. A Arewa, Zumuntar Matan Katolika sananniya ce da anko da waƙoƙinta na Hausa, da kuma ɗawainiyar marasa lafiya da gidajen makoki.

Wahalar aiki dai ba a taɓa hana mabiya ita ba. Su ke bayar da baiko, su ke shirya bikin godiya na kaka, su ke tara kuɗin gini. Abin da ake muhawara a kai shi ne ko mai ɗaukar kaya yana da bakin faɗin inda za a sauke su.

Me doka ta tanada?

Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ne ya sauya yadda cocin ke kallon kansa. Takardarsa ta Lumen Gentium ta 1964 ta gabatar da bayanin cocin a matsayin jama'ar Allah kafin ta zo kan matakan shugabanci, abin da ke nufin baftisma ce tushen darajar kowa, daga Fafaroma har zuwa mai shara. Kundin dokoki na 1983 ya mayar da wani ɓangare na wannan koyarwa zuwa ƙa'idoji.

Sashe na 212 ya ce mabiya suna da haƙƙi, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su bayyana wa shugabanninsu ra'ayinsu kan abin da ya shafi amfanin coci, gwargwadon iliminsu da ƙwarewarsu. Sashe na 492 ya wajabta wa kowane dayosis ya kafa majalisar kuɗi mai aƙalla mutum uku da suka ƙware a harkar kuɗi da dokokin ƙasa. Wannan majalisa tana da haƙori: a manyan harkokin dukiya, kamar sayar da kadara mai tsada, bishop na buƙatar amincewarta kafin ya zartar. Sashe na 537 ya wajabta majalisar kuɗi a kowane farish, sashe na 1287 kuma ya ce masu riƙon dukiyar coci su yi wa mabiya bayanin abin da suka bayar, bisa ƙa'idar da kowane yanki ya tsara.

Inda dokar ta yi sassauci shi ne majalisar kula da al'amuran jama'a, wadda ke duba tsare-tsaren ibada da koyarwa da ayyukan jin ƙai. Sashe na 511 da na 536 sun bar kafa ta, a dayosis ko a farish, ga hangen bishop da yanayin wurin. Ko an kafa ta, ƙuri'arta ta shawara ce kawai. Fada ne ke shugabantar ta farish, bishop ne ke kiran ta dayosis, kuma shi kaɗai ke da ikon bayyana abin da aka tattauna.

Duk da haka, shawara a dokar coci ba wasa ba ce. Sashe na 127 ya ce idan doka ta buƙaci shugaba ya nemi shawara sai ya ƙi nema, hukuncin da ya yanke bai inganta ba. Ya ƙara da cewa ko da yake ba dole ne ya bi shawarar ba, bai kamata ya saɓa mata ba sai da dalili mai rinjaye, musamman idan masu ba da ita sun haɗu a kan magana ɗaya.

Sinod na Fafaroma Francis

Kalmar sinod ta samo asali ne daga Girkanci, kuma ma'anarta tafiya tare a hanya ɗaya. Fafaroma Paul na 6 ne ya kafa Sinod na Bishop-bishop a 1965 a matsayin dandalin ba Fafaroma shawara. Afirka ta samu nata na musamman sau biyu, a 1994 da 2009. Na farkon ne ya ɗauki hoton coci a matsayin iyalin Allah, wanda Fafaroma John Paul na 2 ya tabbatar a takardar da ya sanya wa hannu a Yawunde ta Kamaru a watan Satumban 1995.

Wanda Fafaroma Francis ya buɗe a watan Oktoban 2021 ya sha bamban, domin jigonsa shi ne tafiya taren kanta. An umarci kowane dayosis a duniya, har da na Najeriya, ya saurari jama'arsa ya rubuta rahoto. Majalisun bishop-bishop suka tattara rahotannin ƙasashensu, sannan aka yi tarukan nahiyoyi. Na Afirka ya gudana a Adis Ababa a farkon watan Maris na 2023, da mahalarta fiye da 200, ƙarƙashin SECAM, ƙungiyar majalisun bishop-bishop na Afirka da Madagaska.

A watan Afrilun 2023 Batikan ta sanar da cewa mutum 70 da ba bishop ba za su shiga babban zaman Rum da cikakken ikon jefa ƙuri'a, kuma aka nemi rabinsu su kasance mata. A ƙarshe mata 54 ne suka samu wannan iko, karo na farko a tarihin sinod. Daga Najeriya, ban da bishop-bishop, akwai masanin tauhidi Fada Agbonkhianmeghe Orobator na ƙungiyar Jesuit.

An yi zama biyu, a Oktoban 2023 da Oktoban 2024. Mahalarta sun zauna a kewayen tebura, kadinal kusa da ɗaliba, kowane tebur da mutum goma sha wani abu. A zagayen farko kowa zai yi magana na 'yan mintoci ba mai katse shi, sai a yi shiru na addu'a. A zagaye na biyu kowa zai faɗi abin da ya taɓa shi daga maganar wasu. Sai a na uku ake tantance inda aka dace da inda aka saɓa. Manufar tsarin ita ce kada mai muƙami ko mai kaifin baki ya cinye zaman.

Me aka cimma?

A ranar 26 ga Oktoba, 2024, aka amince da takardar ƙarshe mai sakin layi 155. Fafaroma Francis ya ce ba zai rubuta tasa takardar daban ba kamar yadda aka saba. Ya karɓi wannan ɗin, daga baya kuma ya bayyana ta a matsayin ɓangaren koyarwar kujerarsa.

Takardar ta bambanta matakai biyu: shirya hukunci, wanda aikin kowa ne ta hanyar sauraro da nazari, da yanke shi, wanda ya rage a hannun mai iko. Ta jaddada cewa ba za a ƙwace ikon bishop ba, amma ta ce ikon yana da sharuɗɗa, kuma shugaban da ya kauce wa abin da shawara ta haifar ya kamata ya bayyana dalilinsa. Ta nemi a wajabta majalisun da a yanzu suke na ganin dama, a kuma sake duba lafazin dokar da ke cewa ƙuri'arsu ta shawara ce kawai. Ta buƙaci a riƙa wallafa rahoton kuɗi na shekara-shekara, wanda masu binciken kuɗi daga waje suka duba idan da hali, tare da rahoto kan kare yara da masu rauni. Ta kuma bayyana fatan jama'a su ƙara samun murya wajen zaɓen bishop.

Sakin layi na 60, kan mata, shi ne ya fi shan adawa: 258 suka amince, 97 suka ƙi. Ya ce babu abin da ya hana mata riƙe muƙaman shugabanci a coci, ya kuma bar batun naɗa su dikon a matsayin abin da za a ci gaba da nazari.

Inda gizo ke saƙa a Najeriya

Matsala ta farko ita ce girmama limami har ya wuce kima, abin da Fafaroma Francis ya sha kira cuta a jikin coci. A al'ummar da ake tarbiyyar yaro kan kada ya musa wa babba, da wuya mamban majalisa ya kalli fada ya ce lissafin nan bai fita ba. Hoton coci a matsayin iyali yana kawo kusanci, amma ana iya juya shi ya zama gidan da uba ke magana 'ya'ya na sunkuyar da kai. Yawan limamai ma yana da nasa tasirin. Makarantar Bigard da ke Enugu na cikin manyan makarantun horar da limamai a duniya, kuma inda limamai suka wadata, buƙatar danƙa wa mabiya ragamar ofisoshi kan ragu.

Ta biyu ita ce kuɗi. Cocin da ya dogara da gudummawar jama'a yana iya faɗawa hannun masu hannu da shuni. Idan kujerun majalisar farish suka zama ladan wanda ya fi bayarwa a taron neman taimako, to an sauya ikon limami da na attajiri ne kawai, talaka yana nan inda yake. Ɗan siyasar da ya ba da miliyoyi a gina coci a jajibirin zaɓe yakan sa bakin mai wa'azi ya yi nauyi.

Ta uku ita ce wakilci. Duk wanda ya leƙa Misa ta ranar aiki zai ga mata ne suka fi yawa, matasa kuma su ne 'yan kwaya da masu tsaron ƙofa. Amma kujera ɗaya da ake ware wa CWO ko CYON a majalisa ba ta nuna wannan rinjaye. Katikis da ke riƙe da ƙauyuka shi ma sau da yawa ana kallon sa a matsayin ɗan aike, duk da cewa a watan Mayun 2021 Fafaroma Francis ya ɗaga aikin zuwa hidimar da coci ke naɗa mutum a kanta a hukumance.

Ta huɗu ita ce harshe da tsaro. Zaman sauraron da aka yi da Turanci a babban birni ba zai ji muryar manomin da Hausa ko Tibi ko Igbo kawai yake ji ba. Rashin tsaro kuma ya tarwatsa al'ummomi da dama a Binuwai da Filato da kudancin Kaduna da Arewa maso Gabas. Bayan harin da aka kai cocin St. Francis na Owo a ranar 5 ga Yuni, 2022, inda aka kashe aƙalla mutum 40, tambayoyi irin su lokacin ibada da wanda zai tsare ƙofa sun zama na rai da mutuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a irin wannan batu mazauna unguwa sun fi baƙon limami sanin ƙasa.

Me masu ɗari-ɗari ke cewa?

Akwai masu ganin an yi gaggawa. A 2023 kadinal biyar, ciki har da Robert Sarah na ƙasar Gini, sun aika wa Fafaroma tambayoyi, ɗaya daga ciki kan iyakar ikon sinod. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce coci ba majalisar dokoki ba ce, kuma ba a tantance aƙida da yawan hannuwa. Takardar ƙarshe ma ta yarda da wannan.

A Najeriya fargabar tana da nata launi. Idan aka ce kowace al'umma sai ɗanta zai yi mata bishop, cocin da ke kiran kansa na duniya baki ɗaya zai koma tarin ƙungiyoyin ƙabilu, kuma rigimar ɗan ƙasa da baƙo da ta addabi siyasar jihohi za ta shiga har bagade. Akwai kuma haɗarin ɗaukar hayaniya a matsayin muryar jama'a. A watan Mayun 2021 magoya bayan Fada Ejike Mbaka sun afka wa gidan bishop na Enugu suka yi ɓarna, bayan jita-jitar cewa limamin ya ɓace. Masu goyon bayan sinod na amsa cewa irin wannan na faruwa ne inda babu tsararriyar hanyar kai koke, kuma majalisar da ke aiki ita ce maganin zanga-zangar ƙofar bishop.

Coci da siyasar jam'iyya

Akwai fagen da dokar coci ta bar wa mabiya kacokan, wato siyasa. Sashe na 285 ya hana limamai riƙe muƙamin gwamnati mai ikon mulki, na 287 kuma ya hana su shiga harkar jam'iyya sai da izinin hukumar coci a yanayi na musamman. Shi ya sa bishop na Gboko ya dakatar da Fada Hyacinth Alia daga hidima a watan Mayun 2022 lokacin da ya shiga takarar gwamnan Binuwai, wadda ya lashe a 2023. Kafin shi, Fada Moses Adasu ya mulki jihar daga 1992 zuwa 1993. Yadda jama'a ke rungumar limami a matsayin mai ceto a siyasa yana nuna ƙarancin amincewa da 'yan siyasa, yana kuma nuna cewa ba a horar da mabiya isasshe su riƙe wannan fage da kansu ba. Majalisar farish da ake zaɓen mambobinta, ake karanta kasafinta, ake yi wa shugabanta tambaya, makaranta ce ta zama ɗan ƙasa.

Me ke gaba?

A watan Maris na 2025 Fafaroma Francis ya amince da jadawalin aiwatarwa na shekara uku, ya kuma rasu a ranar 21 ga Afrilu. Magajinsa, Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa a ranar 8 ga Mayu, ya halarci zaman sinod ɗin biyu, kuma ya ambaci tafiya tare a jawabinsa na farko. Ya san Najeriya, domin ya ziyarce ta sau da dama lokacin da yake shugabantar ƙungiyar Augustine, wadda ke da daɗaɗɗen tarihi a Yola da Jos da Maiduguri. Jadawalin ya tanadi tarukan auna ci-gaba a dayosis-dayosis da matakin ƙasa a 2027, na nahiyoyi a farkon 2028, sannan babban taro a Rum a watan Oktoban 2028.

A Arewa, dayosis ɗin Katsina da aka yanko daga na Sakkwato a 2023, ƙarƙashin Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi, Bahaushe na farko da ya zama bishop na Katolika, yana da damar gina majalisunsa daga tushe bisa sabon tsari. Ahiara kuwa ta samu bishop ɗan Mbaise, Simeon Nwobi, a 2024. Okpaleke ya zama bishop na farko na Ekwulobia a 2020, aka kuma naɗa shi kadinal a watan Agustan 2022.

Kafin 2027, matashin da ke son sanin ko wani abu ya sauya a farish ɗinsa yana da tambayoyin da zai iya yi tun Lahadi mai zuwa. Akwai majalisar kuɗi, kuma su wane ne a ciki? Zaɓen su aka yi ko naɗi? Yaushe aka karanta wa jama'a lissafin bara? Mata da matasa nawa ne ke zama a majalisa? Lokacin ƙarshe da fada ya ƙi shawarar majalisa, ya faɗi dalili? Sashe na 212 ya ba shi damar yin waɗannan tambayoyi cikin ladabi, takardar da Fafaroma ya karɓa a 2024 kuma ta ɗora wa shugabanni nauyin amsa su.